Zanen Hantar Baba

Babanmu mai gyaran famfo ne, kuma a Unguwar Shanu da wuya ka sami gidan da bai taɓa tsugunawa a bayansa ba. Yana da wata ɗabi'a da masu gida ba sa so. Idan aka kira shi, ba ya kwance komai sai ya zaga gidan ya ga ta inda ruwa yake shigowa da inda yake zuwa. Sai ya ɗora bakin sukudireba a kan bututu, ya kara ƙotar a kunnensa, ya yi shiru. Da haka yake gane ko ruwa na tafiya a ciki ko ya tsaya. Daga nan ya faɗa wa mai gida abin da ya gani ba tare da kwana-kwana ba, ko da mai gidan ne ya yi ɓarnar da hannunsa. An sha yin fushi da shi a kan haka, an kuma sha dawowa a sake kiran sa.

Ni ce ta uku a 'ya'yansa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake ce mini. Ina koyar da lissafi a wata sakandare ta wajen Mando, kuma a gida an san ni da baki. Mama takan ce shi na biyo, ba na iya ganin abu in haɗiye. Na ambaci wannan ne don a san irin mutumin da ya yi shiru wata huɗu.

Ciwon ya fara ne da rama. Baba ya riƙa barin rabin tuwonsa, yana cewa cikinsa a cike yake, yana dafa ƙasan haƙarƙarinsa na dama. Muka yi ta cewa olsa ce, domin a gidanmu duk abin da ya kama ciki olsa ne har sai an tabbatar da akasin haka. Da abin ya ƙi, babban yayanmu, wanda yake aikin gwamnati, ya kai shi asibiti. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, aka ce a dawo bayan mako guda.

Ranar karɓar sakamako mu huɗu muka je. Da aka kira mu, Yaya ya ce wa Baba ya huta a benci tare da Mama, mu za mu shiga mu ji. Ba wanda ya ga wani abu a cikin wannan, har shi Baban. Haka ake yi.

Likitan matashi ne, mai magana a hankali. Ya ce Baba ya daɗe da ciwon hanta ba a sani ba, yanzu kuma ƙari ya fito a cikin hantar, irin wanda ake kira ciwon daji. Da ya ga mun yi tsuru, sai ya yago takarda ya fara zane. Ya zana hanta, ya ja mata layi biyu masu shiga cikinta, ɗaya mai kauri ɗaya siriri, ya yi wani da'ira a gefe guda. Ya ce hanta ba kamar sauran kayan ciki ba ce, ta hanya biyu take samun jini. Babbar jijiyar daga hanji take tasowa da abin da mutum ya ci, kuma ita ce take ciyar da mafi yawan lafiyayyar hanta. Ƙaramar tana zuwa ne daga wajen zuciya da ƙarfinta. Shi ƙarin bai damu da babbar ba, daga ƙaramar yake sha, har yakan jawo wa kansa rassa daga jikinta.

Saboda haka, in ji shi, hanya biyu ce ta kai magani. Ana iya sa shi a ƙarin ruwa ta jijiyar hannu, ya zaga jiki gaba ɗaya, ya taɓa abin da ya shafa da wanda bai shafa ba, kaɗan ya isa wurin. Ko kuma a zura wata siririyar roba ta jijiyar matsematsi, a riƙa tura ta sama ana kallo a allo har ta kai reshen da yake ciyar da ƙarin, a zuba maganin a nan, sannan a toshe reshen. Ya ja gajeren layi ya datse reshen a takardar. Amma akwai sharaɗi: dole babbar jijiyar ta kasance a buɗe, don da ita hantar za ta rayu idan an taɓa ƙaramar. Ya ce ta Baba a buɗe take, ya gani a hoton. Bai yi mana alkawarin warkewa ba. Ya ce aikin yakan riƙe ƙarin ya ƙara wa mutum lokaci, a Abuja ake yi, kuma shi ya fi ganin dacewarsa ga Baba.

Sai ya ƙara da abin da ya ɓata komai a wurinmu. Ba a sa mutum barci a wannan aikin. Idonsa biyu, ana ce masa ya riƙe numfashi ya riƙe, ya saki ya saki, bayan an gama ya kwanta sa'o'i ƙafarsa a miƙe. Shi da kansa zai sa hannu. Likitan ya ce ba zai tura dattijo mai cikakken hankali a yi masa wannan ba alhali bai san abin da yake damun sa ba. Ya ce mu je mu yi shawara, amma kada mu daɗe. Ya miƙo takardar, Yaya bai karɓa ba, ni na karɓa na ninke na sa a jaka.

Kafin mu kai bencin Yaya ya riga ya yanke hukunci. Ya ce wa Baba hantarsa ce ta ɗan kumbura, za a wanke ta. Baba ya ce to, Allah ya sa a dace.

Washegari bayan la'asar aka zauna a gidan Yaya a Unguwar Kanawa, mu 'ya'ya da Mama. Ba kuɗi ne ya hana ba, gara in faɗi wannan tun yanzu, domin kowa ya ce zai yi abin da zai iya. Abin da ya hana shi ne wani kawunmu da aka taɓa faɗa wa sunan ciwonsa, ya juya fuska ga bango, bai ƙara wata biyu ba. Tun daga lokacin aka ɗauka a danginmu cewa faɗar ce ta kashe shi. Mama ta ce idan Malam ya ji zai karaya. Yaya ya ƙara da cewa wa zai iya buɗe baki ya ce wa mutum mai shekarun Baba za a yaye masa zane a gaban baƙi a shiga ta matsematsinsa. Ƙarin ruwa kuwa kowa ya san shi, ba ya buƙatar bayani, tsoho ma yana ganin leda a rataye sai ya ji ana yi masa magani.

Na yi magana sau ɗaya. Na ce likita ya ce ɗaya hanyar ta fi, kuma Baba ba yaro ba ne. Yaya ya dube ni ya tambaye ni ko na fi su son sa ne. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa girman Yaya ne ya rufe mini baki, amma ba gaskiya ba ne. Daɗi na ji. Na san idan aka ce a faɗa masa, ni za a tura, kuma ba na so.

Muka koma wani asibitin kuɗi inda ba a cika yawan tambaya ba. Duk bayan mako uku ake kai shi da safe, ya wuni a gado da leda a rataye. Yawanci ni nake zama da shi idan ba ni da aji. Baba bai taɓa ganin ruwa yana bin roba ya ƙyale ba. Yakan bi layin da ido tun daga leda har hannunsa, ya nuna wa nas inda iska ta shiga, ya ce mata mahaɗin nan yana tsattsafo, da shi ne da ya naɗa masa zare. Nas-nas ɗin suka saba da shi, suna ce masa Injiniya.

Ran nan yana kallon ɗigon ruwan sai ya dafa gefen cikinsa ya ce, "Ciwo yana nan, ruwa ana sa shi nan. Wa ya ja wannan layin?" Nas ta yi dariya, ni ma na yi. Jakar tana kan cinyata.

Maganin ya yi abin da likitan farko ya ce zai yi, ya zaga ko'ina. Bakinsa ya yi miki har ya bar goro, abin da Mama ta yi shekara talatin tana fama ya bari. Yana amai kwana uku bayan kowane zuwa. Jijiyoyin hannunsa suka yi baƙi suka ƙandare, ana neman inda za a soka a rasa, a koma ɗaya hannun. Ya daina fita aiki. Akwatin kayan aikinsa yana nan a zaure, masu zuwa neman sa suna komawa. Idan ya tambaya wankin hantar bai isa haka ba, sai a ce saura kaɗan. Wani lokaci yakan dube mu ɗaya bayan ɗaya, irin duban da yake wa mai gidan da ya ce shi bai taɓa bututun ba. Amma bai matsa ba. Ko ya yi zargin wani abu, bai faɗa mini ba, ni kuma ban tambaya ba.

A duk wannan lokacin takardar tana cikin jakata, tsakanin takardun jarrabawar ɗalibai da katin asibiti. Ban jefar ba, ban kuma sake buɗewa ba. Na canza jaka sau ɗaya, na kwashe ta tare da sauran tarkace na mayar cikin sabuwar.

Wata Asabar da hantsi, cikin damina, wani mai gidan burodi na bayan layinmu ya zo. Yana so ya ɗora tanki ya ja ruwa zuwa inda ake kwaɓa fulawa, kuma ya ce ba ya son hannun kowa sai na Baba. Baba yana zaune a tabarma a tsakar gida, ya ce ba zai iya zuwa ba, amma zai zana masa yadda za a ja layin, ya kai wa duk wanda zai yi. Ya ce in ba shi takarda da biro. Na sa hannu a jaka na zaro takarda a ninke na miƙa masa. Na sha tambayar kaina ko kuskure ne. Na san takardun jarrabawa sun fi ta girma, kuma hannuna ya san bambancin. Iyakar abin da zan iya cewa ke nan.

A bayanta ya yi zanen. Ya nuna wa mai burodin inda tanki zai zauna da inda za a sa bawul na rufe ruwa, mutumin ya ɗauki hoton zanen da wayarsa, ya yi godiya ya tafi. Baba ya zo zai ninke takardar, sai ya juya ta. Ya kawo ta kusa da ido, ya nisanta ta. Likitan bai rubuta kalma ko ɗaya ba, layuka ne kawai da kibiyoyi.

Ya ce, "Uwata, gidan wa ne wannan?"

Bai jira amsata ba. Ya bi layukan da bakin biro yana magana shi kaɗai. Ya ce layi biyu ne suke shiga wuri ɗaya, babba da ƙarami. Ya ce wannan na gefen satar ruwa yake yi, ga shi ya jona a jikin ƙaramin. Ya ga inda aka datse reshen ya gyaɗa kai, ya ce wanda ya zana ya san aiki, nan ne wurin rufewa. Sai dai, in ji shi, kafin a rufe a tabbata babban yana tafiya, in ba haka ba gidan gaba ɗaya za a bari ba ruwa.

Na ce, "Naka ne, Baba. Hantarka ce."

Mama tana bakin murhu, na ji ta ajiye ludayi. Na faɗa masa duka, da sunan ciwon da hanyoyin biyu da abin da aka yanke a gidan Yaya. Na jero su kamar ina bayani a aji. Ya saurara har na gama. Bai juya fuska ga bango ba. Ya tambaye ni yaushe aka yi zanen, na ce wata huɗu ke nan. Ya tambaya ko mai zanen yana nan, na ce yana nan. Ya ce to ranar Litinin za mu je wurinsa.

Da yamma Yaya ya zo a fusace, domin Mama ta kira shi. Ya same ni a zaure ya fara faɗa, Baba ya yi gyaran murya daga ciki, Yaya ya bar ni ya nufi wurinsa. Da ya shiga ya durƙusa, ya fara bayanin cewa don kada hankalin Baba ya tashi ne, da kuma maganar ta inda ake shigar da robar. Baba ya ce masa shi ya shekara arba'in yana shiga banɗakunan mutane da ɗakunan matansu, kuma ba wanda ya taɓa jin kunyarsa, domin mai aiki ta inda layi yake yake shiga. Bai ƙara komai a kan haka ba. Ya ce Yaya ya zo da mota da wuri.

Ranar Litinin ya sa farar shaddarsa wadda ta yi masa yawa yanzu. Da aka kira mu shi ya fara shiga, ya zauna a kujerar da take fuskantar likita, mu muka tsaya a bayansa. Ya shimfiɗa takardar a kan tebur ya goge ta da tafin hannu. Likitan ya gane zanensa, ya ɗago ya dube mu. Suka yi magana su biyu kamar masu sana'a ɗaya. Baba ya tambayi kaurin robar, da yadda ake gane an kai reshen da ake nema, da abin da ake toshewa da shi, da ko ƙarin yakan sake jan wani layin daga baya. Likitan ya ce yakan ja, shi ya sa wani lokaci ake maimaita aikin. Baba ya ce haka masu satar ruwa suke. Ban taɓa ganin sa da kuzari irin na ranar ba tun da ya kwanta. Ya ce ya yarda, a kawo inda zai sa hannu. Likitan ya ce sai an sake hoto tukuna, don wancan ya tsufa. Baba ya ce daidai ne, shi ma ba ya rufe bawul da labarin jiya.

Aka yi hoton ranar Laraba, muka koma ranar Juma'a da safe. A kwana huɗun nan ya ci abinci fiye da yadda ya ci a wata guda. Ya sa aka fito masa da jakar tafiya, ya tambayi Mama ko za ta iya zaman mota har Abuja. Ni ma na sa rai, har na nemi izinin mako guda a makaranta.

Likitan ya juyo da allon kwamfuta wajen Baba, ba wajenmu ba. Ya nuna masa babbar jijiyar, ya bi ta da yatsa har inda ta yi duhu. Ya ce ƙarin ya kutsa cikinta ya cika ta, jinin da yake wucewa bai taka kara ya karya ba. Yanzu hantar da ƙaramar jijiyar take rayuwa. Baba ya daɗe yana kallon allon. Shi ya ƙarasa maganar da kansa, ya ce to ba a rufewa ke nan. Likitan ya ce ba a rufewa.

Sai Baba ya ɗora yatsa a kan takardar ya ce, "Ranar da ka zana wannan, yana tafiya?"

"Yana tafiya, Baba."

Likitan ya yi saurin ƙarawa da cewa ba wanda ya san yadda aikin zai kasance ko da an yi shi a lokacin, wasu yana yi musu amfani sosai, wasu kaɗan. Gaskiya ya faɗa, kuma don mu ya faɗa. Baba ya yi masa godiya, ya tambayi abin da ya rage. Aka yi maganar magungunan rage ciwo da abin da zai riƙa ci. Ya ce ƙarin ruwan nan dai ya isa haka, likitan bai musa ba.

A mota Yaya yana tuƙi, Baba yana gaba, ni ina baya. An yi ruwa da safe, kwatoci sun cika, ana tafiya a hankali. Na jira Baba ya yi faɗa. Na so ya yi, don na san yadda ake amsa faɗa. Da muka tsaya a ƙofar gida, kafin ya buɗe ƙofar motar, sai ya miƙo mini takardar ta kan kafaɗarsa ba tare da ya waiwayo ba.

Ya ce, "Ajiye, Uwata. Zanen ba shi da wuya. Minti biyu ya ɗauke ni na gane shi."

Bai sake tayar da maganar ba, da ni ko da Yaya. Ya yi mako bakwai bayan nan. Ya raba kayan aikinsa, ya kira waɗanda yake ganin ya taɓa faɗa wa magana mai zafi a kan famfonsu ya nemi gafara, yawancinsu ma sun manta. Ya rasu wata Talata bayan azahar, Mama tana gefensa, ni ina aji.

A wurin zaman makoki mata suka yi ta yaba mana, wai mun yi ƙoƙari, mun riƙe shi da kyau, ba mu bari hankalinsa ya tashi ba. Wata gwaggonmu ta ce da ba a faɗa masa ba ma da ya ƙara kwana. Na ce mata Allah ya ba da lada, na miƙa mata ruwa.

Takardar tana wurina, gefe ɗaya hannun likita, gefe ɗaya hannun Baba. Mai burodin ya ja layinsa yadda aka zana masa. Idan na bi ta bayan layinmu ina ganin tankin a sama, kuma ya ce mini tun da aka ɗora bai taɓa kiran mai gyara ba.